Agogon Da Aka Saya A Teku

Kwanan baya wata gardama ta tashi tsakanin waɗansu dattawa bayan an tashi daga sujada. Wani ɗan ƙasar Birnin Gwari ne, wanda ya yi karatu ya sami babban aiki a Ikko, ya ɗauki hutu ya tafi yawon shan iska cikin jirgin ruwa tare da matarsa. Da ya komo ya zo gaishe da iyayensa, sai aka ga agogo a hannunsa, irin mai sunan nan da ko yara sun sani. Wani dattijo ya ce, "Guminsa ne, ina ruwan wani?" Wani kuwa ya dubi mai agogon ya ce, "Ɗana, da ka yi shawara da ni, da ban yarda ba." Aka watse ba a daidaita ba. Maganar ta iso wurinmu, mun ga ya kamata mu auna ta tare da masu karatu, gama ko wanda bai taɓa ganin teku ba ya san irin wannan jaraba a kasuwar garinsu.

Bari mu fara da jirgin. A dā, mai zuwa Ingila daga ƙasarmu ya kan shiga jirgin ruwa a Ikko. Akwai wani sananne mai suna Aureol, na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta kai da kawowa daga 1951 har 1974. Tafiyar wajen mako biyu ce. A hanya jirgin ya kan tsaya a Las Falmas, cikin tsibiran Kanari, inda aka sauƙaƙa kuɗin fito tun 1852, fasinja su sauka su sayi agogo da sauran kayan tsaraba da rahusa. Waɗannan matafiya suna da inda za su, ko makaranta ko aiki. Jiragen shan iska na yanzu dabam su ke. Su kan tashi daga wani gari, su zaga tsibirai kwana bakwai, su komo inda suka tashi. Wani da ya fara aiki a 2024 daga Mayami ta Amurka, mai suna Icon of the Seas, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Wannan gari guda ne bisa ruwa, da ɗakunan cin abinci, da wuraren wasa, da layin kantuna. A cikin kantunan nan a ke jera agogo cikin gilashi, an rubuta a kai cewa babu haraji.

To, mene ne mutum ya ke saya sa'ad da ya sayi irin wannan agogo? Za a ce lokaci ya ke so ya sani. Amma ga yadda abin ya ke. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fid da agogon hannu mai aiki da batir, wanda a cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutse mai rawar jiki da ke ƙirga lokaci. A irin waɗannan agogo na yau dutsen yana rawa sau 32,768 cikin sakan guda. Ɗan baƙin agogon roba na Casio, wanda aka fara yi a 1989, da 'yan makaranta da masu acaba ke ɗaurawa, kuskurensa bai wuce sakan 30 a wata ba, kuɗinsa kuwa bai kai dala 30 ba. Agogon wani kuwa, watau mai tafiya da ƙananan haƙoran ƙarfe ba da batir ba, a ƙasar Suwizalan a kan ba shi shaidar nagarta idan bai yi jinkirin sakan 4 ko gaggawar sakan 6 a yini ba. Ashe na mai acaba ya fi faɗin gaskiya. Duk da haka sabon Rolex mafi araha, na baƙin ƙarfe, ya wuce dala 5,000. A 2024, sa'ad da dala ɗaya ta ke wajen naira 1,500, wannan ya kama naira miliyan bakwai da rabi. A shekaran nan ne gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Watau ƙaramin ma'aikaci sai ya yi kusan shekara tara yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kāna ya tara kuɗin agogon. Lalle ba lokaci a ke saya da wannan kuɗi ba. Suna a ke saya. Sunan ma wani Bajamushe ne, Hans Wilsdorf, ya ƙaga shi a 1908, shekara uku bayan ya kafa kamfaninsa a Landan.

Me ya sa sayen nan ya ke da sauƙi a teku? Mun ga dalilai uku. Na fari, a cikin jirgi ba a ƙirga kuɗi da hannu. A kan ba ko wane fasinja kati, shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne kuma aljihunsa, sai ranar sauka a kawo masa lissafi. Wanda ya ƙirga naira dami dami ya miƙa wa mai kanti ya kan ji zafinta. Wanda ya miƙa kati ba ya jin kome. Na biyu, akwai gaggawa. Kantunan jirgi a rufe su ke sa'ad da jirgi ya ke tashar ruwa, sai an fita teku a buɗe su, kwanakin kuwa ƙidayayyu ne. Zuciya sai ta ce, in ba yau ba, sai yaushe? Maganar babu haraji ma rabin gaskiya ce, gama 'yan kwastan na ƙasar da mutum zai koma suna da ikon su karɓi nasu. Na uku, wanda ya fi duka, a teku babu wanda ya san mu. A kasuwar gida, in mutum ya ɗaga hannu zai taya abu mai tsada, ga maƙwabcinsa a tsaye, ga wanda ke binsa bashi, ga gwauruwar ƙanensa tana sayar da ƙosai a bakin hanya. Idanunsu ma'auni ne gare shi. A cikin jirgi kuwa ma'auninsa ya zama baƙin da ke zaune kusa da shi a teburin abinci, waɗanda ba zai ƙara ganinsu ba har abada.

Sai dai kada mu yi wa mai agogo rashin adalci. Dattijon farko yana da gaskiyarsa. Mutumin nan bai yi sata ba. Wanda ya yi aiki ya isa ya huta, ya isa kuma ya ji daɗin abin hannunsa. Aikin gwani abin yabo ne. Mu da mu ke girmama maƙeri da baduku da mai ɗinkin aska takwas, ba za mu rena wanda ya harhaɗa ƙananan ƙarafa fiye da ɗari cikin wuri kamar faɗin kwabo ba, har su yi ta tafiya shekara da shekaru. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tsaraba kuma al'adarmu ce mai kyau. Har wa yau wani zai ce, "Ai ajiya na yi. Naira tana lalacewa, shanu kuwa an kore su." Mutumin Birnin Gwari ba zai yi wa wannan magana dariya ba, gama ya ga garke ya ɓace cikin dare guda. Amma ajiyar nan tana da rami. Yawancin agogo suna fita kanti darajarsu ta ragu, kaɗan ne ke riƙe kuɗinsu, kuma jabu ya cika kasuwa har mai saye ya kan ji tsoro. Saniya tana haifuwa, gona tana ba da hatsi. Agogo kuwa, bayan 'yan shekaru sai an biya gwani ya buɗe shi ya wanke.

Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Jirgi zai komo tasha, mai agogo zai kama hanyar gida, daga Kaduna ta Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari. Masu karatu sun san abin da hanyan nan ta gani. Dajin Kamuku, wanda aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120, ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekaru da yawa. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta yi kusan shekara goma a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya buɗe ta bayan an yi sulhu. A shekarun nan matafiyi mai hankali ya kan sa tsohuwar riga, gama masu satar mutane da kayan jikin mutum su ke yanka masa kuɗin fansa. To, ga abin mamaki. Agogon da aka saya domin a gani, shi ne abu na fari da za a kwance a ɓoye tun ba a kai Buruku ba. Idan kuwa aka kama mai shi, ba shi kaɗai zai biya ba. Dangi za su sayar da gona, 'yan'uwa cikin ekklesiya za su yi karo karo. Wanda ya san haka ba zai ce abin da ya ɗaura a hannunsa ruwansa ne shi kaɗai ba.

Akwai kuma wani abin da ya haɗa dajin nan da kantin jirgi, watau zinariya. Tun zamanin Turawa a ke haƙar ta a ƙasar Birnin Gwari, har yanzu samari suna shiga ramuka da diga da shebur. Aikin yana cin rai. A Zamfara, a 2010, yara fiye da 400 suka mutu sabo da gubar dalma da ke cikin duwatsun da a ke niƙawa a gida. A 2015 yara 28 suka mutu haka nan a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Wata ƙungiya mai suna Swissaid ta ba da rahoto a 2024 cewa zinariyar da aka fitar daga Afirka a ɓoye cikin 2022 ta kai tan 435, galibinta zuwa Dubai. Agogon zinariya mai kyau, kashi uku cikin huɗu na ƙarfen jikinsa zinariya ce tsantsa. Zinariya kuwa in an narkar da ita ba ta faɗin ramin da ta fito. Ba mu ɗora wa wani kamfani laifi ba. Abin da mu ke cewa shi ne, Bature mai shan iska yana iya duban zinariya ya ga ado kaɗai, amma ɗan Birnin Gwari ya san masu haƙar ta da sunansu. Wanda ya sani, nauyinsa ya fi na wanda bai sani ba.

Yanzu fa sai mu juyo kan kanmu, mu da muka tsaya a gida. Suna ba ya da kuɗi sai akwai masu girmama shi. Da a ce ba wanda ya san sunan nan a garinmu, da ɗan'uwanmu bai biya ko rabin kuɗin ba. Mu ne mu ke duban hannun baƙo kafin mu dubi fuskarsa. Mu ne mu ke tashi mu ba mai agogo kujerar gaba ranar bikin godiya, manomi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa. Mu ne mu ke ce wa 'ya'yanmu, "Dubi wane, ya zama mutum." Yaron da ya ji haka, in bai sami hanyar makaranta ba, zai nemi hanyar rami ko hanyar daji. Waɗansunmu kuma da su ke zagin agogon a fili, a zuci hassada ce ke cinsu, da su aka ba da sun karɓa da hannu biyu. Idan akwai laifi cikin wannan ciniki, mai saye ya ɗauki rabi, masu kallo su ɗauki rabi.

Ina shawara ke nan? Ba mu da doka da za mu kafa wa kowa a kan kuɗin agogo, gama abin da ya yi wa wani yawa bai kai wani kome ba. Amma muna roƙon duk wanda tafiya ta kai shi gaban irin wannan gilashi, ko a jirgin ruwa, ko a filin jirgin sama na Dubai, ko a kantin Kaduna, ya yi abu guda kafin ya miƙa kati. Ya mai da kuɗin naira, ya mai da nairar buhun masara ko kuɗin makarantar yaro, sa'an nan ya kawo fuskokin mutanen gidansu cikin zuciyarsa. Akwai mai binsa bashi? Akwai maraya cikin dangi da aka koro daga makaranta? Jinkar ɗakin tsohuwarsa tana yoyo? Zai iya faɗa wa mahaifinsa kuɗin agogon sosai, ba ragi? In ya amsa waɗannan duka zuciyarsa ba ta kāshe shi ba, ya saya, kada kowa ya yi masa gunaguni. In kuwa ya ga sai ya ɓoye kuɗin ga matarsa ko ga mahaifinsa, to, ya riga ya san amsa. Ya bar agogon cikin gilashinsa, ya kwana bisa maganar. Abin da ya cancanci saye, zai cancanta har bayan an sauka daga jirgi.

Mu kuwa na gida, ran Lahadi mai zuwa in baƙo ya shigo, bari mu gaishe shi mu tambayi lafiyar iyalinsa, mu ba shi wurin zama inda akwai wuri, ko da agogo ko babu.