Gizo-gizo Mai Ado da Gizo-gizon Bangon Ɗakinmu

Akwai wani ɗan gizo-gizo a ƙasar Ostireliya da bidiyonsa ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane. Tsawonsa bai wuce milimita 5 ba, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba. Namijin yana da wata fata a gadon baya mai launin ja da shuɗi da ruwan lemo, idan ya hangi mace sai ya ɗaga ta kamar yadda ɗawisu ke baza jela, ya miƙe ƙafafu biyu sama, ya shiga rawa gefe da gefe. Saboda haka ake ce masa gizo-gizo ɗawisu, masana kuma suka sa wa danginsa suna Maratus. Wani masanin ƙwari mai suna Jürgen Otto ne ya yi ta ɗaukar hotunansu yana sakawa a intanet har duniya ta san su. Duk wanda ya kalla sai ka ji ya ce masha Allah. Amma mutumin nan da ya gama yabon ikon Allah, da ya ɗaga kai ya ga wani gizo-gizo mai ruwan ƙasa a lungun silin, silifas zai rarumo.

To, me ya raba su? Ƙafa takwas wannan, ƙafa takwas wancan. Mahalicci ɗaya. Na bangon ma ya fi kusa da yi mana amfani, tunda sauron ɗakinmu yake ci, na Ostireliya kuwa ko saninmu bai yi ba. Abin da ya raba su kawai shi ne ɗaya ya burge ido, ɗayan bai burge ba. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ke nan: shin kyau dalili ne na a bar halitta da ranta, muni kuma dalili ne na a kashe ta?

Abu na farko, adon nan ba don mu aka yi shi ba. Rawar da gizo-gizo ɗawisu ke yi neman aure ne, kuma neman aure mai haɗari, don idan macen ba ta gamsu ba tana iya kai masa hari, wani lokaci ma ta cinye shi. A tsibiran Hawai akwai wani ƙarami mai ruwan ɗorawa wanda zanen bayansa ya yi kama da fuskar mutum yana murmushi, da idanu da baki. A ƙarƙashin ganye yake ɓoye rayuwarsa, bai san ana masa kallon mai fara'a ba. Mu ne muka ga murmushi muka ce wannan na kirki ne.

Kuma kada mu ɗauka son da muke wa masu kyau alheri ne a gare su. A jihar Andra Paradesh ta Indiya akwai wani babban gizo-gizo mai gashi, shuɗi shar kamar an tsoma shi a baba, da ɗigon rawaya a ƙafafu. Tun 1899 aka rubuta bayaninsa, sunansa a littattafai Poecilotheria metallica. A daji yake rayuwa, cikin kogon itatuwa. Yau yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, saboda saran itace da kuma masu farautarsa su sayar wa masu kiwonsa a cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka. Da baƙi ne wuluk marar sha'awa, da masu kuɗin ba su neme shi ba. A Madagaska kuma akwai wani mai saƙar zare ruwan zinare. Wasu mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, suka sa aka yi shekaru ana kamo su ana tatsar zaren, gizo-gizo sama da miliyan ɗaya, har aka saƙa wata alkyabba da aka baje a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan a 2012. Su dai waɗannan an riƙa sakinsu bayan an tatse su, an yi musu wannan adalcin. Amma ka ga inda sha'awar ɗan Adam take kaiwa: abin da ya so, mallaka yake son yi.

Wani zai ce, Malam, ai ba muni muke ƙi ba, cuta muke tsoro. Wannan magana ce mai nauyi, mai yara a ɗaki ba za a ce masa ya yi sakaci ba. Sai dai ido ba ya gane mai cuta. Gaskiya ne baƙar gizo-gizon nan ta Amurka mai mugun dafi tana da jan tambari a ciki, kamar gargaɗi. Amma na birnin Sidni da ya kashe mutane kafin a samo maganin dafinsa a 1981, baƙi ne kawai ba wani ado. Wani mai ruɓar da fata a Amurka ruwan ƙasa ne, ba za ka ba shi kallo na biyu ba. Shuɗin nan na Indiya da ake rububi, cizonsa akwai azaba. Ire-iren gizo-gizo da masana suka ƙidaya sun haura 50,000 tun 2022, kuma waɗanda dafinsu ke iya kwantar da mutum 'yan kaɗan ne ƙwarai a cikinsu.

Mu dawo gida. Wa bai taɓa jin an ce tautau ya yi wa wane fitsari ba? Mutum ya kwana lafiya, ya tashi da wani dogon tabo a wuya kamar ƙuna, sai a hau binciken bango da tsintsiya. Da yawa daga irin wannan ƙunar, likitocin fata sun gano aikin wani ɗan siririn ƙwaro ne mai suna Paederus, wanda a Kenya ake kira ƙudan Nairobi. Da damina yake yawa, hasken ƙwan lantarki ke jawo shi ɗaki. Ba ya cizo. Idan ka murje shi a jikinka cikin barci, ruwan jikinsa ne ke ƙona fata. Launinsa kuwa ja da baƙi, tsaf-tsaf, kyakkyawa. Mai ado ya yi ɓarna, an kama marar ado an kashe.

A gaɓar tafkin Biktoriya, wajen Kenya da Yuganda, akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da ake kira Evarcha culicivora, wanda ke zama a bangon gidajen mutane. Abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta ƙoshi da jini, ƙananansa ma sun fi zaɓen Anopheles, irin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Mu da muke zaune a nan kudu, inda ruwa ke yin wata da watanni yana zuba kuma kwatoci ba sa bushewa, mun san abin da sauro ke ci mana a kuɗin magani. Ba wai gizo-gizo zai maye gurbin gidan sauro ba ne, a'a. Amma wasu masana biyu sun ƙiyasta a 2017 cewa gizo-gizon duniya gaba ɗaya suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Mafi yawan wannan aiki, marasa kyan ne ke yin sa.

Ni a ganina ma'aunin shi ne cutarwa, kuma cutarwar da aka tabbatar, ba wadda aka zata ba. Hadisin da ya lissafa halittu biyar da ake kashewa ko a Harami ya ambaci kunama da ɓera da hankaka da shirwa da kare mai cizo, duk don ɓarnarsu, babu wanda aka sa don muninsa. Akwai kuma labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito na wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma guda saboda cizon ɗaya. Mu mazauna unguwar baƙi ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a kan wannan. Mun san yadda ake ji idan mutum ɗaya mai hula ya yi laifi a kasuwa, kafin magariba a ce Hausawa ne.

Wannan ba ya nufin a bar ɗaki ya cika da yana. Tsafta dole ce, uwargida ta share silin ɗinta, babu laifi. Share saƙa daban, bin mai saƙar da takalmi har ƙarƙashin gado daban. Saƙa zai sake wata a waje, wasu ma kullum suke sabuwa. Wanda bai son ganinsa a ɗaki, kofi da 'yar takarda sun isa: a kife, a zura, a kai bayan gida. Idan yaro ya gani, abin da zai koya ya fi na gizo-gizo yawa.

Turawan ma da suke kashe kuɗi wajen kare halittu ba su tsira daga wannan son ido ba. A Ingila akwai wani gizo-gizo da namijinsa ke da jan baya mai ɗigo-ɗigon baƙi. An yi fiye da shekara 70 ana ɗauka ya ƙare a ƙasar, sai wajen 1980 aka sake ganin 'yan kaɗan a yankin Doset. Aka tashi haiƙan, ana ɗauko su ana kai su sababbin wurare don su yaɗu, kuma hoton jan namijin ake bugawa a jaridu don jawo hankalin masu taimako. Shi kuwa sai a ƙarshen rayuwarsa yake yin jan, ya fito neman mace na ɗan lokaci ya mutu. Macen da ke zaune shekaru a cikin rami, wadda ke yin ƙwai ta reni 'ya'yan, baƙa ce ƙirin.