Ajiyar Babur da Tambayar Amana

Wanda aka ba ajiyar babur, ya kulle shi a ɗaki bai taɓa shi ba har mai shi ya dawo, shin amana ya riƙe ko sunansa ya kare?

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas. Ɗalibin da ya bar babur wurin maƙwabcinsa a Samaru na tsawon wannan lokaci, da wuya ya tashi a bugun farko. Batir ya mutu, fetur ya tsufa ya zama danƙo ya toshe kafireta, laimar damina ta sa tanki ya yi tsatsa. Bakanike a Sabon Gari zai zubar da tsohon mai, ya wanke kafireta, ya goge fulogi, sannan ya tambaya: me ya hana a riƙa tayar da shi ko sau ɗaya a mako?

Mai ajiya yana da amsa, kuma mai ƙarfi ce. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi amfani da ajiya ba da izini ba, ta lalace a hannunsa, shi zai biya. Wanda bai taɓa ba kuwa, ba mai tuhumarsa. A ganina nan matsalar take: ya zaɓi hanyar da za ta wanke shi, ya bar asarar a wuyan mai kaya. Neman izinin tayar da injin kiran waya ɗaya ne, amma sai wanda babur ɗin ya dama fiye da zargin mutane ke yin sa.