Na'urar Bin Sawu a Jikin Babur: Tawakkalin Direba da Nauyin Jama'a

A watan Nuwamban 2021 gwamnatin Jihar Neja, ƙarƙashin Abubakar Sani Bello, ta hana sayar da manyan babura a faɗin jihar. Hujjarta ita ce a kan babur 'yan bindiga suke shigowa, a kansa suke ficewa, har ma sun fara sa sababbin babura cikin abin da suke nema na fansa. A Bangi, hedikwatar ƙaramar hukumar Mariga a masarautar Kontagora, wannan magana ta taɓa kowane gida, domin babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun masara daga gona, shi ke kai ɗan tireda kasuwar Mariga ko Kotonkoro. Tsakanin ƙauye da ƙauye kuwa daji ne da ya haɗe da na Zamfara da na Birnin Gwari. Ɗan acaɓan da ya faɗi a irin wannan hanya, ko aka tare shi, yana iya kwana ba wanda ya san inda yake.

Don irin wannan ne aka yi 'yar na'urar da masu gyara ke kira tiraka. Ana ɓoye ta a jikin babur, a jona ta da batir. Tana sauraron taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200. Idan ta ji guda huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take, ta aika wa wayar mai babur, ya ga ɗan ɗigo yana tafiya a kan taswira.

A tashar 'yan acaɓa ba a rasa mai cewa wannan duk ɓata kuɗi ne. Ajali idan ya zo ba ya jiran sabis, wanda kuma kwanansa ke gaba ko a tsakiyar daji aka yar da shi zai dawo. Maganar ba abin raini ba ce. Da ita mutum ke iya tada babur da asuba ya kama hanyar da aka tare jiya, da ita kuma uwa ke iya haɗiye hawaye idan an kawo mata labarin ɗanta. Wanda ya cire wa mutanen karkara imani da ƙaddara ya cire musu abin da suke tsaye a kai.

Sai dai malamai sun daɗe da raba tawakkali da sakaci. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. A lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya ji halin da ake ciki sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya kawo masa misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Hijira ta fi kowane misali kusa da ɗan acaɓan Bangi, domin ita ma tafiya ce a hanyar da ake farautar matafiyi. Madina tana arewa, amma aka fara yin kudu zuwa kogon Saur, aka ɓuya kwana uku. Aka ɗauki hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, masanin hanya wanda a lokacin bai musulunta ba. Amir ɗan Fuhaira yana kora tumaki a kan sawun masu kai labari don ya shafe shi, Asma'u kuma tana kai guzuri. Tsarin ya tsaya a kan abu biyu: amintattu kaɗan sun san wurin, maƙiya kuma an ɓatar musu da sawu. Duk na'urar da za a saka wa babur, da wannan ma'auni ya kamata a auna ta.

Idan aka auna ta haka, sai a ga cewa tambayar halascin amfani da ita ce mafi sauƙi. Masu wuyar suna gaba.

Ta farko, shin saƙon zai fita? Yawancin tiraka na kasuwa da layin waya suke aikawa, inda babu sabis sun zama kurame. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya, duk wata na'ura mai dogaro da layi ta yi shiru. Masu magana da tauraro kai tsaye, irin su inReach na kamfanin Garmin da ke amfani da taurarin Iridium 66, ba sa buƙatar turken waya, amma ana biyan kuɗinsu da dala kowane wata, abin da ya fi ƙarfin mai neman na mai da na cefane. Wanda ya sayar wa talaka tiraka mai layi ya ce masa za ta yi aiki a ko'ina, ya yi algus, kuma algus ɗin a kan rai ne.

Ta biyu ta fi nauyi: idan saƙon ya fita, wa zai taso? Tsarin ceto na Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da Tarayyar Sobiyat suka kafa, ya fara ceton mutane a 1982, lokacin da aka gano wasu mutum uku da jirginsu ya faɗi a Kanada. Nijeriya tana cikinsa, hukumar NEMA ke riƙe da cibiyarsa ta ƙasar a Abuja. Abin da ya sa yake aiki shi ne a bayan kowace ƙarar neman agaji akwai mutanen da aikinsu ke nan su tashi. A watan Oktoban 2013, mutum 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, sun mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace. Da wani ya ga wurinsu a kan taswira tun ranar farko, da nauyin cetonsu ya koma kansa. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon tsamo rai ko dukiya daga halaka amma ya ƙi. Ceto farilla ce ta kifaya, kuma babban uzurin da ke sauke ta shi ne rashin sani. Na'urar tana cire wannan uzuri daga kan mai babur, da shugaban tasha, da 'yan sa-kai, da ofishin 'yan sanda.

Ta uku, me ake tsarewa? Sau da yawa mai kuɗin da ya ba da babur ana kawo masa balas shi ke saka tiraka, kuma hankalinsa a kan ƙarfen yake. Wasu na'urorin ma ana iya kashe inji da su daga nesa. Malaman usulu, daga Gazali zuwa Shaɗibi, sun sa kare rai a gaba da kare dukiya. Mai babur da ya kashe inji don ya ga ɗigon ya bar hanya, alhali direban yana gudun ceton kansa ne, ya juya wannan jeri.

Ta huɗu ita ce amana. A yankin da kowa ke tsoron infoma, wayar da ke nuna inda direba yake da lokacin da ya taso daga kasuwa da ciniki a aljihu tana iya zama makami a hannun maci amana. Hukuma ma ta san kayan tauraro suna yi wa kowane ɓangare aiki, shi ya sa sojoji suka hana wayar Thuraya a Borno a 2013. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, don haka bibiyar direba ba da saninsa ba, ko miji ya bi matarsa da ita, ya fita daga babin tsaro.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙungiyar 'yan acaɓa a gari irin Bangi ya fara tun kafin a sayi na'ura ko ɗaya. Sai an zauna da liman da hakimi da jami'an tsaro an fayyace mutum nawa ne za su riƙe lambar sirri, wa ake kira idan ɗigo ya tsaya a daji bayan magariba, daga wane asusu man masu zuwa ɗauko shi zai fito, da kuma hukuncin wanda aka kama ya kai wa 'yan bindiga labarin inda ɗan'uwansa yake.