Wa Ya Ce Maka Olsa Ce?

Ɗana, jiya da ka zo gaishe ni na ga ka dafe ƙahon zuci, ka zaro leda daga aljihu, ka afa ƙwaya biyu. Na tambaye ka, ka ce olsa ce. Wa ya gaya maka? Ka ce mai kemis na bakin tasha. Ban ce mutumin banza ba ne, amma dai bai leƙa cikinka ba.

Abin da ya fi damuna, a cikin ledar nan na hango diclofenac, wadda kake sha kullum da dare saboda ciwon jiki in ka ajiye kekenka. Ita da ibuprofen da asfirin suna rage yauƙin da ke kare bangon tumbi, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ashe da hannunka kake ƙara wa gyambon faɗi.

Mu ma da can yunwa da yaji muke ɗora wa laifin. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, Helicobacter pylori. Aka ƙi yarda da su, har Marshall ya kwankwaɗi ƙwayoyin da kansa a 1984, cikinsa ya ɓaci. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau da gwajin bahaya ko na numfashi ake gano ƙwayar cutar, wani lokaci a zura na'ura ta maƙogwaro a duba. In an same ta, magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ake haɗawa da mai rage tsamin ciki, kwana 10 zuwa 14, kuma sai an shanye duka. In ƙwayar da ka afa jiya omeprazole ce, ka gaya wa likita, don tana iya ɓoye cutar a gwaji.

Jiƙon kanwa da madarar da babarka ke ba ka, lallashi ne na ɗan lokaci.

In ka ga bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, kada ka jira gari ya waye. Ko ba ka gani ba ma, ranar Litinin ka ajiye keken, ka zo da ledar nan gaba ɗaya, ni zan raka ka asibiti. Kuɗin kati a wuyana yake.