Sanƙon Ungulu da Fikafikan Jimina

Karatu: Ayuba 39:13-18, Matiyu 6:26, 1 Korintiyawa 12:21-26



Sa’ad da Ubangiji ya amsa wa Ayuba, bai zayyana masa dalilin wahalarsa ba. Ya juyo da hankalinsa ga halitta, ya nuna masa namomin jeji da tsuntsaye. Yesu ma ya umarci masu sauraronsa su lura da tsuntsayen sama. Saboda haka bari mu dubi biyu daga cikinsu, waɗanda siffarsu takan ba mutane dariya, mu ga ko abin da muke kira aibi, aibi ne a gaban Mahalicci.

1. Fikafikan da ba sa tashi

Jimina ce mafi girma a cikin tsuntsayen duniya. Namijin yakan zarce mita 2 a tsayi, nauyinsa kuma ya haura kilo 100. Tana da manyan fikafikai, amma ba ta tashi. A kowace ƙafa yatsu biyu kawai gare ta, alhali yawancin tsuntsaye huɗu gare su. Mai kallo zai ce an rage mata wani abu.

Amma ku gan ta a fili tana gudu. Takan kai kilomita 70 a awa guda, kuma ƙarancin yatsun nan yana rage nauyin ƙafa, ya ƙara mata sauri. Da fikafikan take daidaita jikinta in za ta yi kwana cikin gudu, da su kuma take yi wa ’ya’yanta inuwa a tsakar rana. Masana kimiyya sun ce kakanninta na can da nisa masu tashi ne, amma rayuwa a buɗaɗɗen fili ta fi dacewa da mai ƙarfin ƙafa, har siffar ta sauya a hankali daga zuriya zuwa zuriya. Littafin Ayuba bai ɓoye kasawarta ba, ya ce ba a ba ta rabo mai yawa na hikima ba. Duk da haka nassin ya rufe da yabon gudunta, wanda doki da mahayinsa ba sa cim masa.

2. Kan da ba gashi

Ba tsuntsun da muka raina kamar ungulu. Ko a karin magana, in an cuci mutum sai mu ce an yi masa ungulu da kan zabo. Shari’ar Musa ma ta sa ta cikin tsuntsayen da ba a ci (Littafin Firistoci 11). Me ya sa kanta da wuyanta suke tsirara haka?

Dalili na farko shi ne tsabta. Ungulu takan cusa kanta cikin mushe. Da akwai gashi a wurin, da jini da ruɓa sun manne masa, amma fata tsirara takan bushe da sauri a rana. Dalili na biyu shi ne zafi da sanyi. Wani bincike da masana na Jami’ar Gilasgo suka wallafa a 2008 ya nuna cewa ungulu takan miƙe wuya ta fitar da zafin jiki in tana ƙasa, ta kuma noƙe shi cikin gashin kafaɗa in ta hau sama inda iska take da sanyi.

Ga abin lura. Ungulayen nahiyar Amurka ba dangin kusa ba ne da namu na Afirka, amma su ma sanƙo gare su. Babba-da-jaka ba ungulu ba ne, amma da yake yana cin mushe, kansa a sanƙe yake. A kudancin ƙasarmu kuwa akwai wata irin ungulu da ta fi cin ’ya’yan kwakwar manja, ita kuma da gashi a kanta. Ashe aikin ne ya zo da siffar. Masana suna bayyana yadda hakan ya faru cikin dogon lokaci. Mu kuwa mun san Wanda ya kafa wannan tsari, yake kuma riƙe da shi.

3. Ranar da aka rasa ta

Ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, har yakan kashe ƙwayoyin cututtukan da ke cikin mushe. Ba a san darajar wannan aiki ba sai da ya tsaya. A ƙasar Indiya, cikin shekarun 1990, ana ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen irin wannan saniya, ƙodarta takan lalace ta mutu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulaye suka ƙare kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Mu ma a nan, dattawanmu sun tuna lokacin da ungulaye suke cika mahauta da kasuwanni. Yau a garuruwa da yawa sai an yi sa’a a ga guda, kuma tun 2015 aka sa ungulun garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne farautarsu domin tsafi da magani. Kada a sami mai bi yana saye ko sayar da kan ungulu. Allah ya sa mutum a gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15).

4. A gidajenmu da ikkilisiyarmu

Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa gaɓoɓin jiki da ake gani kamar raunana, su ne ba a iya rabuwa da su. Wa yake share majami’a kafin mu iso sujada? Wa yake wanke bayan gida, yake haƙa kabari, yake jinyar tsohuwar da ba ta da kowa? Sau nawa muka kira sunansu a taron godiya?

Iyaye, a gida kuma akwai yaron da ba ya tashi kamar ’yan’uwansa. Karatu yana yi masa nauyi, ko yana i’ina, ko zabiya ne, ko kuwa ciwon sikila yana kwantar da shi. Muna gwada shi da wasu a gabansa, har ya fara gaskata cewa kuskure ne shi. Wannan zunubi ne da ya kamata mu tuba daga gare shi. Wanda ya auna jimina da tashi zai ce ba ta da amfani, don bai gan ta a fili ba. Ba mu da amsar kowace wahala, Ayuba ma bai samu ba. Amma hakkinmu ne mu nemo baiwar da Allah ya sa a cikin wannan yaro, mu buɗe mata hanya.

A sujadar iyali ta wannan mako, bari kowa ya ambaci abu guda mai kyau da ya gani a wurin ɗan’uwansa, sa’an nan ku yi addu’a tare.

Ya Uba Mahalicci, ka gafarta mana rainin da muka yi wa aikin hannunka. Ka ba mu idon da zai ga darajar waɗanda duniya ta ƙi kallo. Cikin sunan Yesu, Amin.