Kuɗin Naka, Sunan na Wani



Makon jiya bayan La'asar wani dattijo daga cikinmu ya tsayar da ni a bakin masallaci da wata tambaya da ta hana ni barci. Ɗan ƙanensa ya tafi Kumasi watanni biyar da suka wuce, yana saro kaya yana turowa nan. Harka ta ɗan buɗe, kuɗi sun fara taruwa, yaron ya ga bai dace ya riƙa kwana da su ƙarƙashin katifa ba. Ya je banki zai buɗe asusu, aka ce ya kawo katin shaida na ƙasar irin wanda ake ba baƙi, da shaidar inda yake zaune, da takardar izinin zama. Fasfo kaɗai gare shi. Da ya koma masauki sai maigidansa ya ce, "Kai yaro, wace wahala ce wannan? Ga ɗana nan, ɗan ƙasa ne, katinsa na aljihunsa. A buɗe da sunansa, kai ka riƙe katin cire kuɗi da lambar sirri. Ai duk ɗaya ne." Dattijon ya ce da ni, "Malam, yaron ya bugo yana neman shawara. In ce ya karɓa, ko kuwa?"

Ban ba shi amsa a tsaye ba, don tambayar ta fi ƙarfin bakin ƙofa. Kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu 'ya'ya a Kwatano, da Akra, da Jidda, da Dubai, kowa da irin wannan labarin.

Mu fara da gaskiyar yaron, don yana da ita. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Gana ba biza, ya yi kwana 90. Ta buɗe masa ƙofar ƙasa, amma ba ta buɗe masa ƙofar banki ba. Tun ranar 1 ga Yulin 2022 babban bankin Gana ya ce katin ɗan ƙasa ne shaidar da za a riƙa karɓa a harkar banki. Baƙo yana da nasa nau'in katin, sai dai da dala ake yanka kuɗinsa, kuma duk shekara sai an sabunta. Ga ɗan kasuwar da jarinsa bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma dokar zuba jari ta 2013 da ta keɓe sayar da kaya a cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe kamfanin saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya. Mun ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. To wanda ke zaune cikin wannan matsi, in aka miƙo masa sunan aro, da wuya ya ga laifi a ciki. Taimako zai gani.

Shi ma maigidan ban zarge shi da mugun nufi ba. Abin da ya gada ne yake yi. Duk wanda ya tashi a Sabo ko a zango ya san aikin maigida: baƙo ya sauka wurinsa da shanu ko da kuɗin goro, shi zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, kuma a wurinsa baƙon ke ajiye kuɗinsa har ranar komawa. Kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna fatauci tsakanin Kano da Gwanja a kan wannan tsari, ba fom ba hoto. Maigida shi ne banki, shi ne katin shaida. Saboda haka in dattijo a Kumasi ya ce "a sa da sunan ɗana", a ransa ci gaban wancan ne.

Amma fa ba ci gabansa ba ne, kuma nan ne na fi son mu tsaya. A da, in Ɗan Kano ya ajiye jaka goma wurin maigida, dillali ya sani, yaran gida sun sani, limamin unguwa ma wataƙila ya ji. Kuɗin na hannun maigida, amma sunan mai su na bakin jama'a. In maigida ya rasu, ba a raba gado sai an fitar da kayan baƙi, don akwai masu cewa "wannan na wane ne". In ya ci amana, kasuwa ce za ta hukunta shi, don ba wanda zai sake sauka gidansa. Asusun banki kuwa ba ya jin maganar unguwa. Suna ɗaya ne a rubuce, kuma shi banki ya sani, shi kotu ta sani, shi hukuma ta sani. Duk abin da aka ƙulla a zaure bai kai can ba. Wato an ɗauki tsohuwar yarda, an cire mata shaidunta, an bar ta ita kaɗai.

Sannan akwai abin da ba mu cika son faɗa ba. Wanda ya je buɗe asusu ana ba shi takarda ya sa hannu cewa shi ne, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ɗan maigida zai sa hannu a kan asusun da ya san ba nasa ba ne. Me ake kiran wannan in ba shaidar zur ba? Za a ce, "Haba Malam, ai banki ne, ba mutum ba, wa aka cuta?" Ni ban san inda aka ce ƙarya ta halatta don wanda ake yi wa yana sanye da kwat ba, ko don ba musulmi ba ne. Wanda ya shiga ƙasar mutane da amincinsu ya ɗauki alkawarin bin ƙa'idarsu a abin da ba saɓo ba ne, ko da ƙa'idar ta yi masa nauyi. Yana iya kukan dokar, yana iya kai ƙara wurin shugabannin 'yan kasuwa, kuma ya kamata ya yi. Wannan daban, sa hannu a kan abin da ba haka yake ba daban.

Batun "wa aka cuta" kuwa, bari mu ƙirga. Ran da Allah ya ɗauki ran ɗan maigida, kuɗin nan a idon doka nasa ne. Matarsa da 'ya'yansa za su je banki da takardu, a ba su, su ci, ba su san haram suke ci ba. Ran da aka ɗauki ran ɗan ƙanen dattijonmu, magadansa na nan Najeriya ba su ma san akwai wani asusu ba. Ko kuma kowa na raye, sai wani abokin ciniki ya turo kuɗin da ke da tabo, kuɗin damfara ko na sata, aka rufe asusun ana bincike. Wa za a kama? Mai sunan. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi zai kwana a ofishin 'yan sanda saboda cinikin wani. Mu nan mun san wannan tun da aka kawo BVN a 2014: lamba goma sha ɗaya ce, an ɗaure ta da yatsun mutum, duk abin da ya bi ta kanta naka ne ko ka so ko ka ƙi. Nawa ne a kasuwar nan suka ba wani lambar asusunsu "a turo masa saƙo kawai", daga baya suka yi ta zarya?

Tsofaffinmu ma ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Mutane suka bar gidaje da shaguna a hannun abokai, wasu aka riƙe musu amana, wasu har suka mutu ba su sake ganin ko tsinke ba. A 1983 mu ma muka yi wa mutanen Gana irinta a zamanin Shagari. Baƙo ba ya sanin ranar da za a ce ya tattara.

To shi ke nan, yaron ya ci gaba da kwana kan kuɗi har ɓarayi su shinshino? A'a. Akwai bambanci tsakanin aron suna da ba da ajiya, kuma malamanmu sun daɗe da tantance shi. In yaron ya ɗauki kuɗinsa ya ba maigida ya ce "riƙe mini", maigida ya zuba a asusunsa na kansa, ba wanda ya yi ƙarya cewa shi wani ne. Sai dai a fayyace tun farko: ajiya ce ko rance? In ajiya ce ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, ba ya biya. In rance ne, yana iya juya su, amma ko gobara ta cinye sai ya biya. Mu kuwa sai mu bar abin a dunƙule, kowa da fassararsa a zuci, sai ran da aka yi asara a fara "ai ni ajiya na ɗauka", "ai ni bashi na ba ka". Sahabi Zubairu ɗan Awwam, Allah ya ƙara masa yarda, in aka kawo masa ajiya ba ya karɓa sai a matsayin rance, don tsoron kada ta salwanta mai ita ya tashi a tutar babu. Da ya rasu, ɗansa Abdullahi bai raba gado ba sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai mai bin mahaifinsa. Shi ya sa dukiyar mutane ta koma hannunsu: kowa ya san matsayin abin da ya bayar, kuma akwai wanda ya tsaya a kai.

Sai a rubuta. Na san nan ne gizo ke saƙar. A wurinmu, ka ce wa dattijon da ya ba ka ɗaki da tuwo "Baba, mu rubuta" kamar ka ce masa ɓarawo ne. Kunya ta kashe dukiya a cikinmu fiye da yadda 'yan fashi suka kashe. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Rubutun ba zargi ba ne. Mai riƙon ma yake karewa, don gobe in magada suka zo suna cewa miliyan goma ne, shi kuma ya san shida ne, takardar ce za ta wanke shi. Yau ma abin ya yi sauƙi: a rubuta a takarda, mutum biyu su sa hannu, a ɗauki hoto a waya a tura wa wani a gida.

(Wannan na ƙarshen shi wasu ba sa so, kuma ba don doka ba. Akwai mai sa kuɗinsa da sunan wani musamman don kada matarsa ko 'yan uwansa su san yana da su. Sirri haƙƙinsa ne, ban musa ba. Amma a samu ko mutum ɗaya amintacce da ya sani, don mutuwa ba ta sallama.)

Masu kawo hujjar larura kuma, na yarda akwai ta, sai dai larura tana da iyaka. Wanda ya sauka jiya, bai da takarda, kuɗin mutane na hannunsa, ya ba maigida ajiya na wata biyu kafin katinsa ya fito, wannan an fahimta. Wanda ya shekara bakwai a gari, ya sayi mota, ya yi aure na biyu, har yanzu yana cewa kuɗin kati sun yi masa yawa, wannan ba larura ke damunsa ba, ya dai saba ne. Mu ma nan mun ga ƙarshen sabo a farkon 2023 da aka canja takardun naira, masu cewa "ni ba ruwana da banki" suka yi ta roƙon a zuba musu a asusun wasu. Wanda kuma kuɗin ruwa ne ke hana shi, ya tambayi asusun da ba a ɗora masa ruwa, akwai shi. Wannan ba dalilin aron suna ba ne.

Washegari bayan Asuba na gaya wa dattijon abin da na gani: kada yaron ya karɓi asusu da sunan ɗan maigida. Ya ba maigidan ajiya in ya yarda da shi, a rubuce, da shaidu biyu, ya kuma cire kuɗin katin daga ribar wannan watan ko da zai rage sari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, Alhajin can zai ji haushi fa. Abokin mahaifin yaron ne." Na ce to shi ya kira shi da kansa, kada ya bar wa yaro, don magana tsakanin sa'o'i ta fi sauƙin haɗiya.

Ya kira. An ce Alhajin ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar yaron sai da ka. A rana ta uku ya aika aka kira limamin zangonsu da wani mai shago, ya sa ɗansa ya ɗauko littafi. Da aka zo rubuta adadin, lissafin yaron da na Alhajin na abin da ya riga ya ba shi a baya sai suka saɓa da sidi ɗari huɗu, kuma kowannensu ya rantse nasa ne daidai. Limamin ya raba musu biyu. Yaron ya biya kuɗin katin ranar Talata, an ɗauki hotonsa da yatsunsa.