Mai nuna gabas da mai ɗaura niyya

Ku saurari yadda muke magana a kan karatunmu. In ɗalibai biyu suka haɗu a farkon shekara, tambayar da ke fara fita ita ce: «Ina anka kai ka?» Amsa kuwa ba ta wuce «an kai ni sosiyoloji», «an jefa ni tarihi», ko «an ba ni seri A alhali D nika so». Mu da ke karatun kimiyyar harshe mun san wannan «an»: lamiri ne da ke ɓoye mai aiki. Aiki ya auku, amma ba a ga hannun kowa ba. Shi kuwa mai maganar, wanda rayuwarsa ake zance, ya koma karɓau a cikin jimlarsa ta kansa. Da wuya ka ji wanda ya ce «ni na zaɓa».

Na ɗauko zancen ne saboda a cikinmu akwai waɗanda suka ƙare lisansi a fannin halayyar ɗan Adam ko na tarbiyya, suna haɗa dosiye don su yi masta su zama masu ba ƴan makaranta shawara, waɗanda muke kira kwanseye. Niyya ce mai kyau, kuma duk wanda ya ratsa kwaleji da lise a ƙasar nan ya san ana buƙatarsu. Amma akwai tambayar da ya kamata su kwana da ita tun kafin su biya kuɗin rajista: wa ke da hakkin zaɓar wa yaro ɗan shekara 16 hanyar da zai bi har tsufansa? In ka zauna a waccan kujerar, kai ne za ka zama fuskar wannan «an»?

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A 1908 wani Ba'amurke, Frank Parsons, ya buɗe ofis a birnin Boston don taimakon matasa su zaɓi aiki. Dabararsa matakai uku ce: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, sannan ka auna biyun da hankali. A Faransa, wadda muka gaji tsarin lakkwal daga gare ta, an buɗe cibiyar horar da masu wannan aiki a Paris a 1928, ƙarƙashin Henri Piéron, inda aka fi ba gwaje-gwajen basira ƙarfi. Daga baya, a shekarun 1940, Carl Rogers ya zo da wata fahimta: kada mai shawara ya ja mutum, ya saurare shi har mutumin ya gano hanyarsa da kansa. Ɗan masta zai gamu da duka wannan cikin shekara biyu, tare da nazarin halayyar matasa, dabarun hira, sanin tsarin makarantu, sitaj, da rubuta memuwar. Zai fito da hanyoyi biyu a aljihu: ta gwani mai auna yaro ya gaya masa inda ya dace da shi, da ta mai sauraro da ke cewa «zaɓinka ne». Ina ganin kowace, in aka ɗauko ta yadda take aka dire a Madawa ko Magariya, za ta iya cutar da yaro.

Mu fara da ta gwani. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya nuna cewa magana kanta aiki ce, kuma aikin da take yi ya danganta da wanda ya faɗe ta da wurin da aka faɗe ta. Ɗauki kalmomi uku: «Ka yi D.» In abokinka ya faɗa maka a fada ana shan shayi, shawara ce, kana iya yin dariya ka wuce. In babanka ya faɗa, umurni ne. To in mutum mai masta, mai ofis da hatimi ya faɗa fa? Hausa ta riga ta raba aikin biyu: akwai «ba da shawara», akwai «yanke shawara». Mai bayarwa daban, mai yankewa daban. Sharaɗin shawara shi ne a iya ƙin ta ba tare da an zama mai laifi ba. Yaronmu kuwa an raine shi ya sunkuyar da kai gaban babba, ya ce «to». Mu duka mun san wannan «to» ɗin ba kullum take nufin yarda ba. Sau da yawa ma'anarta ita ce «na ji, kuma ba ni da bakin musu». Saboda haka takardar masta tana ƙara wa mai ita sani, tana kuma ƙara wa maganarsa nauyin da ke mayar da shawara umurni ko bai yi nufi ba. Ya faɗi ra'ayinsa cikin minti biyar ya manta, yaro ya ɗauka ya rayu da shi.

Sai wani ya ce, to a bi ta Rogers mana, a bar yaro ya zaɓa. Nan ma akwai rami. A ce ga yaro daga wani ƙauye na kusa da Tasawa, ya samu birbe. Ayyukan ƴan boko da ya taɓa gani da idonsa uku ne: mushen lakkwal, malamin asibiti, da jandarma. Bai taɓa jin lisen fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi ba. Bai san akwai makarantar aikin gona a Kollo, ko ta ma'adinai a Yamai, ko ta kiwon lafiya a Damagaram ba. In ka ce masa «mi kaka so ka zama?» zai zaɓa daga cikin ukun nan, kai kuma ka rubuta cewa ka mutunta ƴancinsa. Mutum ba ya zaɓen abin da ba shi da sunansa a baki. Tun 1964 Bourdieu da Passeron suka nuna a Faransa cewa ɗiyan talakawa kan rage burinsu da kansu tun kafin kowa ya hana su, saboda abin da suka saba gani a gida shi ke auna musu abin da zai yiwu. Ɗan babban ma'aikaci a Yamai ya san sharuɗɗan bursu tun yana aji na uku, don ana zancensu a kan tabarmar cin tuwo. In kwanseye ya yi shiru da sunan ƴanci, ya bar kowa da gadonsa ke nan.

Abin da nake gani ya wajaba a kansa shi ne ya faɗaɗa abin da yaro ke iya gani, ya kuma gaya masa gaskiya, sannan ya janye hannunsa daga wuƙar yankewa. Gaskiyar ita ce mai wuya. A ce yaro na son likitanci, makinsa na lissafi da kimiyya bai kai ba. Kara za ta ce ka lallashe shi, ka ce «Allah shi ba da sa'a» ka sallame shi. Wannan cin amana ne cikin murmushi. Ka gaya masa yawan shekarun da karatun ke ci, da makin da ake nema, da sauran ƙofofin da ke cikin aikin lafiya. Amma ka lura da ginin jimlarka. «Makinka na bana bai kai ba» magana ce a kan takarda, kuma takarda tana sakewa. «Ba ka da kan kimiyya» hukunci ne a kan mutum. Da yawa cikinmu muna ɗauke da irin wannan jimla ta biyu tun daga kwaleji, mun manta fuskar wanda ya faɗa, jimlar kuwa tana nan.

Akwai wata ƙarya da ta fi wannan ɓoyuwa. Za a ce mini guraben karatu ƙididdigaggu ne, dole wani ya raba su, kuma ba kowa zai samu abin da yake so ba. Haka ne, ban musa ba. Ƙasa tana da hakkin ta tsara inda take buƙatar mutane, kwamiti kuma zai raba bisa maki da gurbi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi rabo a kira shi shawara. In wuri ne ya cika, a ce wa yaro wuri ya cika. Kada a ce masa «mun duba mun ga nan ya fi dacewa da kai». Wanda aka gaya wa gaskiya zai ji zafi, amma ya san matsalar ta kujeru ce, yana iya sake gwadawa ko ya nemi wata hanya. Wanda aka yi wa ƙaryar zai tafi da imanin cewa masana sun auna shi sun ga iyakarsa. An ɗora masa ƙarancin ƙasa a matsayin ƙarancinsa. Kwanseye ma'aikacin gwamnati ne, daga can albashinsa ke fitowa, kuma ranar da buƙatar ofis ta yi karo da gaskiyar da yaro ya cancanta, a nan za a san ko wane ne shi. Babu darasin masta da zai yi masa wannan zaɓin.

Har yanzu ina magana kamar yaro da kwanseye ne kaɗai a ɗakin. A wurinmu ba haka ba ne. Ƙididdigar UNICEF ta nuna kusan uku cikin huɗu na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. A ce yarinya ta samu birbe da maki mai kyau, lise kuwa tana birni, sai an nemo mata gidan da za ta zauna. Uban ya ce a'a. Littattafan da ɗan masta ya karanta za su ce masa yarinyar ce abokiyar aikinsa. Amma uban ne zai biya, uwar ce za ta rasa mai taya ta aiki, kuma tsoronsu ba na wauta ba ne: a gidan wa za ta kwana, wa zai sa mata ido, mi za ta ci? Kwanseyen da ya zauna a ofis ya rubuta «iyaye ba su waye ba» bai yi komi ba. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Sai ya tashi ya je zaure, ya tuɓe takalmi, ya gaida mutane yadda ake gaisuwa, ya saurari tsoron kafin ya kawo amsa, ya nemo liman ko gwaggo ko tsohon mushe da ake jin maganarsa. Hannuwa da yawa ke ɗaukar ɗaki, amma wadda za ta kwana a cikinsa ita ce aka fi mantawa a tambaya. Aikinsa a zauren shi ne muryarta ta iso, ko da ta bakinsa ne, ba tare da ya ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

A nan ne fanninmu ya shigo. Horon duka da Faransanci ake yin shi, zauren kuwa da Hausa yake magana, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ɗan masta nawa ne zai iya bayyana wa manomi bambancin seri C da D, ko yadda ake lissafin muwayen, ko abin da takardar lisansi ke buɗewa da abin da ba ta buɗewa, ba tare da ya tsere zuwa Faransanci a jimla ta biyu ba? In ya tsere, dattijo zai ce «to, mun ji, Allah shi yi albarka», a tashi, ba abin da ya sake. Ita ma yarinyar, damuwar da ke cikinta ba da harshen dibuwar take zuwa ba. Ga aikin memuwar da ke jiran mai yi: a zauna da iyaye da ɗalibai a tattaro kalmomin da za a yi wannan hira da su. Mu ƴan harshe a shirye muke mu kama muku.

Kalmar da Faransanci ke kiran wannan aiki da ita, «orientation», tushenta kalmar Latin ce mai nufin gabas, mafitar rana. Mu kuwa mun san mai tambayar gabas. Baƙo ne ya sauka gidanka, lokacin salla ya yi, ya ce «ina gabas?» Wajibi ne ka nuna masa daidai, in ka nuna masa kudu don ganin dama ko don nan ne tabarma ta fi shimfiɗuwa, alhakin na kanka. In ka yi shiru ka ce ya nema da kansa, ba ka kyauta ba. Amma in ka nuna, ka gama naka. Niyya tasa ce, ba ka ɗaura masa.

Ƴan'uwa masu shirin wannan masta, ku je, Allah shi ba ku sa'a. Ku koyi gwaje-gwajen da dabarun hirar da kyau, don yaro ya cancanci wanda ya san aikinsa. Sai dai in kun fara sitaj, ku riƙa tsayawa bakin ƙofa kuna sauraren abin da yaran ke gaya wa abokansu in sun fito daga ofishinku. In «an ce in yi kaza» kuke ji, da sauran gyara.